Kunkunniyar Madafi Itacen Gobara Ce

Da hunturu ya kama, sai a fara jin labarin gobara a Jega, Aliero da Maiyama, kowa ya ce wutar lantarki ce ko garwashin jin ɗumi. Ba a cika tuna madafi ba, balle a ɗaga kai a dubi rufinsa.

Shiga madafin da ake turara shinkafa ko tuyar ƙuli-ƙuli ka duba sama. Azara ta yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto daga jinka, wani wurin ma har ƙyalli take kamar kwalta. Wannan mai ƙyallin ita ce mugunyar. Hayaƙin ɗanyen itace ne yake tashi da danshi da maiƙo, ya daskare a jikin rufi, yau da gobe ya yi kauri. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Kuma a Aliero, inda rudun albasa na kara da ciyawa ke maƙwabtaka da madafi, wahalar shekara guda tana iya zama toka kafin 'yan kwana-kwana su iso.

Abin haushin, ɗanyen itacen nan da gangan ake sayensa, wai ya fi araha, ya fi daɗewa a murhu. Wace araha? Uwargida na hura wuta tana hawaye, yaro na goye yana tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Wasu ma da leda ko roba suke tada wuta, su ƙara wa rufin maiƙo.

Masu gidajen burodi, bututun hayaƙinku ya fi kowa tara kunkunniya. A Amurka da Ingila ana ba da shawarar a duba irinsa duk shekara. Idan kaurin dattin ya kai milimita 3, sai an kankare. Ku bari tanda ta huce, ku haska tocila ciki, ku karce da ƙarfe ku gani.

Maigida, ka faskara itace ka shanya ya bushe sosai kafin ya shiga murhu. Ka fasa wa madafi taga ta sama, ka ɗaura tsintsiya a gora a share rufin, ka matsar da kara da harawa nesa da wuta. Don Allah a yi wannan tun iskar hunturu ba ta kankama ba.