Mai Binciken Ƙudan Zuma

Akwai wata sana'a wadda ba kowa ya san da ita ba, ita ce binciken ƙudan zuma. Mai wannan aiki masanin halittu ne, amma ba a ofis yake wuni ba. Daji da gonaki su ne wurin aikinsa.

Yawancin mutane ƙudan zuma iri ɗaya suka sani, wato mai shiga amya. Amma masana sun ƙidaya iri wajen 20,000 a duniya. Mafi yawansu ba su yin zuma, ba su kuwa zama cikin taro. Macen wani iri takan haƙa rami a ƙasa ita kaɗai, ta wani irin kuma ta huda busasshen itace, ta yi ƙwai a ciki. Akwai kuma ƙanana marasa harbi, irin su galla.

To, mene ne amfaninsu? Cikin fure akwai wani gari mai laushi. Idan ƙuda ya shiga neman ruwa mai zaƙi, sai garin nan ya manne a gashin jikinsa, ya tafi da shi wani fure. Sa'an nan ne furen yake ƙulla ɗa. Gero da masara iska ce ke kai musu garin, amma kabewa da kankana sai da taimakon ƙwari.

Mai bincike yakan fita da sassafe, riƙe da raga da littafi da gilashin ƙara girman abu. Yakan zauna gindin itace shiru, yana rubuta irin ƙudan da ya zo, da lokacin zuwansa. Idan yana so ya tabbatar da amfaninsu, sai ya rufe waɗansu furanni da jakar raga don kada ƙuda ya shiga, ya bar waɗansu a buɗe. Bayan makonni ya dawo ya ƙirga 'ya'yan. Da aka yi wa kaɗanya irin wannan gwaji a Gana da Burkina Faso, sai aka ga furannin da ƙudan zuma suka ziyarta sun fi ba da 'ya'ya. Ashe man kaɗanya da mata ke sayarwa, da guzurin ƙuda a cikinsa.

Aikin nan sai mai haƙuri. An yi wani malami mutumin Ostiriya, sunansa Karl von Frisch, an haife shi a 1886. Yakan ɗiga wa ƙuda fenti a baya don ya gane shi, ya ajiye masa ruwan sukari can nesa. Shekara da shekaru yana lura, har ya gane cewa ƙudan da ya samo abinci yakan dawo ya yi wata rawa a kan saƙa, wadda ke nuna wa 'yan'uwansa hanyar wurin da nisansa. Saboda wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1973.

Ƙudan zuma suna da abokan gaba: ƙunar daji, da saran itatuwa, da maganin ƙwari, da masu ƙone su don ɗiban zuma. Saboda haka mai bincike yakan zauna da manoma, ya gargaɗe su kada su yi feshi lokacin da ƙuda ke kan fure, su kuma bar itatuwa masu fure a gefen gona.

Yaron da ke sha'awar wannan sana'a ba sai ya jira girma ba. Ya dage da karatu, ya kuma koyi lura. Furen kabewa na bayan gida ma ya ishe shi farawa.

Tambayoyi
1. Ta yaya ƙudan zuma yake taimakon fure?
2. Don me mai bincike yake rufe fure da raga?
3. Faɗi abokan gaban ƙudan zuma guda uku.