Illela biyu, Alela ɗaya: yadda ake tantance jerin adireshi a yankin Ƙonni kafin a aika wasiƙu da yawa

Wanda ya rubuta "Illela" a bayan ambulan, ya tsaya nan, bai gama rubuta adireshi ba. Akwai Illela ta jihar Tawa, babban garin gunduma, wadda ake ratsewa zuwa gare ta daga Badagishiri. Akwai Illela ta jihar Sakkwato a Najeriya, wadda ke 'yan kilomitoci kaɗan daga Birnin Ƙonni. Ga kuma Alela, ƙaramar hukuma a cikin gundumar Ƙonni, wadda a rubutun Faransanci harafin farko kawai ya raba ta da Illela: Alléla da Illéla. Idan wasiƙa ɗaya ce, direba ko ɗan kabu-kabu zai yi tambaya har ya gano mai ita. Idan ɗari biyar ne, na gayyatar taro, ko na kiran 'yan jarrabawa, ko na sanar da manoma ranar biyan bashin taki, to babu mai tsayawa ya yi tambaya sau ɗari biyar. Abin da ke cikin jerin sunayen shi za a bi, da daidai da kuskure.

A Faransa ko Amurka, mai aika wasiƙu da yawa yana gwada jerinsa da rajistar tituna da lambobin gidaje, gidan waya kuma yana riƙe da bayanan waɗanda suka sanar da sun canza gida. A nan tsarin daban yake. Niger Poste ta fi dogara da akwatin gidan waya, wato BP: mutum ko ma'aikata su kama akwati, su zo su ɗauki saƙonsu. Ƙasar na da lambar yanki mai alƙaluma huɗu, ta Yamai na farawa da 8, ta jihar Tawa da 5, amma ba kowa ke rubuta ta ba. Yawancin mutanen karkara ba su da akwatin kansu. Na makaranta ake amfani da shi, ko na ofishin magajin gari, ko na wani ɗan kasuwa da aka sani. Daga nan takarda ta bi hannu: mai gari, daraktan makaranta, shugaban ƙungiyar manoma, direban motar kasuwa. Wato adireshi a wannan yanki sunan mutum ne, da sunan garinsa, da sunan wanda zai miƙa masa.

Wahalar farko tana cikin sunan kansa. Mahamadou, Mahamane, Mamane da Mohamed na iya zama mutum ɗaya da aka rubuta a ofis huɗu, suna kuma iya zama mutum huɗu a gida ɗaya. Haka Aboubacar da Boubacar, haka Issoufou da Youssouf. Tun da sunan uba ne ke biyo sunan yanka, Ibrahim Moussa da Moussa Ibrahim galibi ɗa ne da uba, amma sakatare mai gaggawa na iya juya su, kwamfuta kuma ta ɗauke su maimaici ta goge ɗaya. A ƙauye ma sau da yawa ba a san mutum da sunan da ke takardar haihuwarsa ba. Tambayi Abdoulaye Oumarou a ce maka babu shi, ka ce Ɗan Ladi a nuna maka ƙofar gidansa. Mata abin ya fi shafa, domin da yawa da laƙabi ake kiransu ko da sunan gidan miji.

Don haka jerin da zai yi aiki a nan yana buƙatar fiye da suna da gari. A rubuta suna kamar yadda yake a katin shaida ko takardar haihuwa, a ƙara laƙabi a gefe, a sa sunan uwa ko shekarar haihuwa don raba masu suna ɗaya, sannan ƙauye ko unguwa, ƙaramar hukuma, gunduma. Lambar salula ta zo a ƙarshe. Mutane da yawa yanzu sun mayar da ita adireshi gaba ɗaya, alhali layi na ɓata, ana rufe shi, ana ba wani. A bakin iyaka kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya riƙe layin Nijar da na Najeriya, ya ba ka wanda ba ya kunnawa.

Sai sunayen garuruwa. Abin da Bahaushe ke kira Dogarawa, Tsarnawa, Tajaye, a takardun gwamnati Doguéraoua ne, Tsernaoua, Tajaé. Ƙonni kanta ana rubuta ta Birni N'Konni, Birnin Konni ko Konni kawai. Garuruwan da suka fara da Gidan, da Tunga, da Sabon Gari ba su ƙirguwa, kuma suna maimaituwa daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan. Mafita ita ce a zaɓi rubutu ɗaya, wanda ofishin magajin gari ke amfani da shi, a bi shi daga farkon jeri zuwa ƙarshe, kada kuma a taɓa rubuta ƙauye ba tare da ƙaramar hukumarsa ba.

Akwai wani tarko da tsofaffin takardu ke ɗauke da shi. Kafin sabon rabon gundumomi na shekarar 2011, Malbaza da Dogarawa suna ƙarƙashin Ƙonni ne, Bagarawa kuma tana ƙarƙashin Illela. A wannan shekarar Malbaza ta zama gunduma, Bagarawa ma haka. Duk jerin da aka kwafo daga tsohon littafi zai sa Galmi a gundumar Ƙonni, alhali yau tana gundumar Malbaza. Idan takardun za su bi ta ofishin parfe ne, ƙunshin zai sauka inda bai kamata ba, ya kwana can har ranar taron ta wuce.

Lokacin tantancewa ma yana da tasiri. Bayan girbi, samari da magidanta da yawa na Adar da Ƙonni suna fita bida, wasu Najeriya, wasu Kodebuwa, wasu Libiya ko Aljeriya, ba su dawowa sai gab da damina. Jerin da aka haɗa a watan Agusta zai iske gidaje da yawa babu mai sunan a watan Janairu. Shi ya sa ya dace tun ranar rubuta suna a tambayi mutum: in ba ka nan, wa za a ba? A rubuta wannan wakilin da yardarsa.

A ganina babu manhajar da ta kai mai gari da mai unguwa iya tace jeri a nan. Su suka san wanda ya rasu, da wadda aka aurar wani gari, da wanda ya koma Malbaza aikin siminti. Sai dai a kai wa kowane mai gari shafin garinsa kaɗai, a karanta tare, a dawo da takardar. Kafin a saki dukan wasiƙun, a fara gwadawa da 'yan kaɗan daga kowace ƙaramar hukuma. Waɗanda suka dawo kada a jefa su a kwali: kowace ɗaya tana nuna layin da ke buƙatar gyara, kuma a gyara shi a ranar, ba sai an tashi aika na gaba ba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Duk abin da ya sa jeri ya zama sahihi, shi ne ke sa ya zama haɗari in ya fita. Takardar da ke ɗauke da sunan mutum, da laƙabinsa, da sunan mahaifiyarsa, da lambarsa, da bayanin cewa zai karɓi tallafi ko fansho, kayan aiki ce ga ɗan damfara. Zai kira ya ambaci duk waɗannan, mai saurare ya sakankance cewa daga ofis ne, sai a ce ya turo jika biyar kuɗin buɗe takardu. A wurin da ake fama da masu satar mutane a kan iyaka, jerin da ke nuna wanda ya samu kuɗi, da ranar da zai karɓa, ya wuce maganar damfara.

Nijar na da doka a kan wannan. An yi ta farko a watan Mayun 2017, aka maye gurbinta da wata a watan Disamban 2022, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP ta Yamai aikin sa ido. Ginshiƙanta masu sauƙi ne: a gaya wa mutum dalilin karɓar bayanansa, kada a yi amfani da su don wani abu daban, a tsare su, a kuma ba shi damar gani da gyarawa. Jerin iyayen yara da makaranta ta haɗa ba na ɗan siyasa ba ne lokacin kamfe, ba kuma na mai tallan kaya ba ne. Wanda aka rubuta sunansa yana da ikon tambaya: wa zai ga wannan takarda, kuma sai yaushe za a riƙe ta?

Yawancin ɓarakar ba ta hannun gwanayen kutse take fitowa ba. Hoton jeri ne da aka jefa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu don a sauƙaƙa aiki. Fayil ne da aka kai shagon buga takardu aka manta shi a kwamfutar mai shago. Mai rabo ba ya buƙatar dukan bayanan: suna, gari da wakili sun ishe shi, sauran su zauna a ofis, a kwamfuta mai kalmar sirri, a hannun mutum ɗaya ko biyu da aka sani. A bayan ambulan kada a rubuta abin da ke ciki, musamman in bashi ne ko sakamakon asibiti, tun da ta hannu uku ko huɗu za ta bi kafin ta isa. Idan rabo ya ƙare, a tattaro kwafin da aka ba masu rabo, a ƙirga su, a ƙone. Tsofaffin takardun ofis da ba a ƙone ba, kowa ya san inda suke ƙarewa: wurin mai ƙosai da mai tsire a bakin tasha, da sunaye da lambobi a jiki.