Yadda matuƙi ke rikita titin sauka da dare

Titin saukar jirgi ɗaya ne amma sunansa biyu, domin kowane baki yana da lambarsa gwargwadon inda ya fuskanta. A filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, mai sauka ya nufi gabas yana kan 08, mai nufar yamma yana kan 26. Daren 4 ga Oktoba, 2013, an ba jirgin Kabo Air ƙirar Boeing 747, ɗauke da maniyyata daga Kano, izinin sauka a 08, sai ya sauka ta 26. Ya bugi na'urar jagorar sauka, tayoyi suka fashe, amma mutum 512 da ke ciki duk sun tsira.

Da an ji irin wannan labari sai a ce matuƙin bai ƙware ba, ko kuma ai na'ura ce ke saukar da jirgi. Duka biyun ba haka ba ne. Idan sarari ya yi garau, akan ba matuƙi izinin sauka da ido, kuma da dare ido ba ya ganin ƙasa, fitilu kawai yake gani. Na gefen titin sauka farare ne, na gefen hanyar da jirage ke bi a ƙasa shuɗaye, tsakiyarta kore. Daga nesa, ko cikin hazon hunturu, launukan kan dushe, a bar mutum da layuka biyu na haske. Matafiyin da ya doshi garinsu cikin duhu ya san wannan: fitilar farko da ya hango sai zuciya ta ce masa gida ne, alhali wani ƙauye ne. Abin da matuƙi ya sa rai zai gani, shi idonsa ke nuna masa. Idan kuma babu gari ko fitila kafin titin, duhun kan sa ya ɗauka yana sama sosai, sai ya yi ƙasa tun bai iso ba.

Misalin da aka fi nazari shi ne na San Faransisko a Amurka, ranar 7 ga Yuli, 2017, dab da tsakar dare. Tituna biyu ne a jere, an rufe na hagu an kashe fitilunsa. Matuƙan jirgin Air Canada, ƙwararru ne, suka ɗauki na dama a matsayin na hagu, suka miƙe kan hanyar gefe da zaton ita ce titin dama, inda jirage huɗu cike da fasinja ke jiran tashi. Saura kimanin mita 18 su taɓa ƙasa jirgin ya koma sama. Masu bincike sun gano gajiya, da sanarwar rufe titin da ta nutse cikin tulin takardu, da rashin saita na'urar jagora wadda da ta nuna musu sun kauce.

Shi ya sa ake horar da matuƙi ya gwada abin da ido ya gani da abin da na'ura ta nuna, in ya yi shakka ya fasa sauka ya sake zagayowa. Fasinjan da ke gunaguni saboda an sake tashi bai san an kare ransa ba ne. Sauran nauyin na hukuma ne: fitilun da ba sa mutuwa da ɗaukewar wuta, na'urar jagora mai aiki, da sanarwa gajeriya da matuƙi zai gane. Kuma ya kamata rahoton kowane bincike ya fito da wuri, cikin harshen da alhazan da aka ɗauko za su fahimta.