Idan Tarwada Ta Kamu Da Ciwo

Masu kiwon tarwada a Gozaki da kewaye sukan tambaye mu abin da za su yi idan kifi ya daina ci. Tambayar tana da muhimmanci, domin tanki ɗaya yakan zama kuɗin taki ko na makarantar yara.

Kifi marar lafiya yakan rataye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa. Gashin bakinsa yakan yi fari, ko gyambo ya fito masa. Amma da hunturu tarwada takan rage ci saboda sanyi, wannan ba ciwo ba ne.

Sau da yawa matsalar daga ruwa take. Ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa, su hana kifi numfashi. Saboda haka:

1. A zubar da rabin ruwan, a zuba sabo, a daina ba da abinci kwana ɗaya ko biyu.
2. A ware marar lafiya a baho dabam, domin sauran sukan cije shi.
3. A narka gishiri giram 200 a ruwa lita 20, a sa shi ciki na minti 10. In ya fara kifewa, a fitar da shi nan take.
4. A binne wanda ya mutu nesa da tanki.

Kada a ɗebi ruwan kifi da bokitin da aka haɗa maganin feshi. In mutuwa ta ci gaba, a nemi malamin dabbobi.