Idan ruwa ya shiga gida da tsakar dare, wa za a kira?

Damina albarka ce, amma wani lokaci tana zuwa da hasara. A birnin Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, kamar Kalfu, Barmu, Tamaske, Keita da Tabalak, ruwan shekara ba shi da yawa. Sau da dama bai wuce milimita 400 ba. Amma mafi yawansa yana sauka ne cikin watan bakwai da watan takwas, kuma yakan zo da ƙarfi a lokaci guda. Idan ya zo da dare, mutane suna barci, hatsarin ya fi girma.

A shekara ta 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a ƙasar Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Tsohon masallacin Damagaram ma ya faɗi. Sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan goma. Kafin wannan, a farkon watan tara na 2009, ruwan ƙoramar Telwa ya afka wa birnin Agadas cikin dare, ya rushe gidaje masu yawa.

Me ya sa ruwa yake yi wa Adar haka?

Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da fako. Ruwa ba ya nutsewa a kansu. Gangarowa yake yi, ya taru a ƙorama, ya yi gudu zuwa kwari. Saboda haka ƙorama tana iya cika ko da ba a yi ruwa a garin ba, idan an yi shi bisa duwatsu. Wannan ne ya sa aka fara babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci ta duniya FAO. An jera duwatsu, an dasa itatuwa, an yi madatsan ruwa. Mata sun yi babban ƙoƙari a aikin. Duk da haka ruwa bai daina shiga gidaje ba.

Ga wani lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama, lita ɗaya ce a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ɗakin soro mai mita 5 da mita 4, idan aka yi ruwa milimita 50, lita 1000 ce za ta sauka a kansa. Tano biyar ke nan masu lita 200. Idan indararo ya toshe, duk nauyin nan azara ce za ta ɗauke shi.

Aikin farko: a fitar da mutane

Kafin a kira kowa, a tada mutanen gida. A fitar da yara, da tsofaffi, da marasa lafiya, da mata masu ciki. A kai su tudu, nesa da bango. Bayan haka a kwance dabbobi. Kaya su ne na ƙarshe. Mai rai yana iya sake neman dukiya.

Gidan da yake da wutar lantarki, a kashe ta daga mita idan wurin a bushe yake. Idan ruwa ya riga ya kai wurin, kada a taɓa. Kada a kusanci wayar wuta da ta faɗi ƙasa. A sanar da ma'aikatan NIGELEC.

Kada a ƙetare ƙorama da dare, ko da ƙafa, ko da amalanke, ko da mota. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana kada babban mutum.

Wa za a kira?

Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18. Ta ƴan sanda 17. Ba a biyan kuɗin kiran, kuma ana amsawa dare da rana. Aikin ƴan kwana-kwana ba kashe gobara kaɗai ba ne. Suna ceton wanda ruwa ya ci, da wanda bango ya danne.

Amma ƙauye ba birni ba ne. Hanya tana da nisa, ƙorama kuma tana iya yanke ta. Don haka kowane gari yana bukatar nasa mutane. Akwai mai gari. Akwai magini. Akwai masu lambun albasa da suke da injin ban ruwa, wanda yake iya janye ruwa daga tsakar gida. Akwai ma'aikacin gidan likita. A wasu garuruwa akwai kwamitin ba da gargaɗi da kai agajin gaggawa, da masu aikin sa kai na Croix-Rouge. A rubuta lambobinsu tun kafin damina, a manna a jikin ƙofa. Wanda ya iya karatu ya rubuta wa wanda bai iya ba.

Mai kira ya natsu. Ya faɗi sunansa, da garin, da unguwar, da wata alama da kowa ya sani, kamar masallaci, makaranta ko rijiya. Kada ya kashe waya sai an sallame shi.

Aikin wanda aka kira

Magini, ko mai inji, ko ɗan kwamiti, wanda ya yarda a riƙa kiransa da dare, ya ɗauki amana. Idan hadari ya haɗu, wayarsa ta kwana da caji kusa da kansa. Tocila, shebur, igiya, bokiti, buhunan yashi da man inji su kwana wuri ɗaya. Mutum ɗaya ba ya iya tsaron kowane dare, sai a yi karɓa-karɓa, kowa ya san darensa.

Idan waya ta yi ƙara, ga tambayoyi biyar da zai yi:

1. Duk mutanen gida sun fito?
2. Akwai wanda ya ji ciwo?
3. Daga ina ruwan yake zuwa: daga rufi, daga titi, ko daga ƙorama?
4. Ina ruwan ya kai: idon sawu, gwiwa, ko ƙugu?
5. Akwai wutar lantarki a gidan?

Amsoshin nan su ne za su nuna masa inda zai fara. A dare ɗaya ana iya kiransa daga gida biyar. Ba wanda ya riga kira ake fara zuwa wurinsa ba, ba kuma wanda ya fi kuɗi ba. Gidan da rai yake cikin hatsari shi ne na farko. Sai gidan da bangonsa yake shirin faɗuwa. Sai rumbun hatsi. Ɗakin da yake yoyo kawai yana iya jira har gari ya waye.

Ya gaya wa mutane gaskiya. Idan ba zai iya zuwa ba, ya faɗa nan take, don su nemi wani. Idan aikin na kuɗi ne, a yi ciniki tun farko, a gaban shaida. Tsawwala wa wanda ruwa ya ci gidansa ba ciniki ba ne, zalunci ne. Ya ajiye littafi, ya rubuta sunan mai gida, da lokacin kira, da abin da ya ɓaci. Littafin nan zai yi amfani ranar da ma'aikatan hukuma suka zo ƙidayar hasara.

Bayan ruwa ya ɗauke

Ɗaukewar ruwa ba ƙarshen hatsari ba ce. Bangon laka yana shan ruwa ta gindi, ya yi laushi, alhali samansa yana nan da nauyi. Yana iya faɗuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, rana tana haske. Kada a koma kwana a ɗaki sai magini ya duba. Alamomin hatsari su ne: sabuwar tsaga a bango, ƙasa tana zubowa daga rufi, azara tana ƙara, ƙofa ta ƙi rufuwa. Idan an ga ɗaya daga ciki, a fita. Magini ne zai ce a tokare bangon ko a rushe shi.

A yi wa ruwa hanya, amma ba ta gidan maƙwabci ba. A buɗe ƙofa da taga iska ta shiga. A shanya tabarmi, katifa da tufafi. Kayan da aka bari a jiƙe suna fara fumfuna cikin kwana biyu. Kada a yi yaɓe a kan jiƙaƙƙen bango, sai ya bushe. A yi hankali wajen ɗaga kaya, don maciji da kunama su ma tudu suke nema.

Hatsin da ruwan sama ya taɓa, a baza shi a rana ba da ɓata lokaci ba. Wanda ya yi fumfuna, ko ruwan masai ya taɓa shi, ba a ci, ba a ba dabba.

Ambaliya tana kwashe ƙazantar masai ta kai rijiya. Ta nan ciwon amai da gudawa yake shiga gari. Jihar Tawa ta yi fama da shi a 2021 da 2024. A tafasa ruwan sha, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. A wanke hannu da sabulu. Wanda gudawa ta kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A kai shi gidan likita da gaggawa. Yara kuma su kwana cikin gidan sauro, don kwantaccen ruwa yana haifar da sauro.

Tun kafin hadari ya haɗu

Da rani ake gyaran damina. A yi yaɓe, a ƙara wa gindin bango ƙasa, a share indararo da magudanar ruwa. A ɗaga rumbu bisa duwatsu. Takardar haihuwa da sauran takardu a ɗaure su cikin leda, a rataye. A riƙa sauraron labarin yanayi a rediyo. Kada a yi gini a bakin ƙorama ko a tsohon gurbin tabki, ko da ya shekara ashirin a bushe. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ɗaliban yaƙi da jahilci, ga aikin wannan mako: kowace unguwa ta zauna, ta zaɓi mutanen da za a kira da dare, a rubuta sunayensu da lambobinsu. Rigakafi ya fi magani.