Wayar Salula da Kwana Biyun da Suka Rage wa Uwa

Idan damina ta kankama a Tabotaki, cikin yankin Buza na jihar Tawa, daga Yuli zuwa Oktoba, masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kan bi gida-gida sau ɗaya a wata. Yara ne ake ba, daga wata 3 zuwa shekara 5. Buza da Madawa suna cikin yankunan da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara wannan aiki a Nijar a shekarar 2013.

Maganin na kwana uku ne. Ranar farko a gaban mai rabo yaro yake sha. Sauran kwana biyun kuwa a hannun uwa suke, ga ƙwayar da ɗaci, ga noma, ga ɗiban ruwa, ga dakan fura. Mai rabo ya riga ya wuce wani ƙauyen. A ganina, a nan ne waya take da aikin yi: ta yi ƙara da safe, wata murya ta ce, "Baiwar Allah, an ba yaro na yau?"

Murya na ce, ba rubutu ba. Saƙon da aka rubuta da Faransanci, a aika wa matar da ba ta yi boko ba, shuka ce a kan dutse. Ko ita muryar, gara ta fito da Hausar Adar, ta kira cutar da sunanta, kamar yadda mutane suka saba aika wa juna saƙon murya ta WhatsApp.

An taɓa gwada amfanin waya a jihar Tawa. Lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar Concern ta raba tallafi a ƙauyuka 96, kimanin jika 22 na sefa kowane wata har tsawon wata 5, mata ne masu karɓa. Wasu a hannu aka ba su, wasu ta Zap, tsarin aika kuɗi ta waya. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun ɗan fi samun ci. Ba wa'azin lafiya aka yi musu ba. An dai rage musu doguwar tafiya da tsayuwar layi, kuɗin kuma ya shigo ba tare da idon kowa ya gani ba, sai mace ta ƙara samun ta cewa a kan cefane.

Amma a lura: a wancan shiri, matan aka ba wayoyin. Yau a gidaje da yawa waya ta maigida ce. Da damina tana aljihunsa a gona, da rani ta bi shi cirani Najeriya ko Abijan. Idan ma ta kwana a gida, sai an kai ta wurin mai caji an biya. Don haka duk wanda ya zo Tabotaki ko Keita da sabuwar manhajar lafiya, kafin ya buɗe kwamfutarsa, ya fara tambayar mata a bakin rijiya: lambar wa za a kira ranar magani ta biyu?