Chappal Waddi: Abin da ke jiran mai son taka tsauni mafi tsawo a Najeriya

A kudu maso gabashin Jihar Taraba, daidai kan iyakar Najeriya da Kamaru, akwai wani tsauni da ake kira Chappal Waddi. Tsawonsa mita 2,419 ne daga doron teku, kuma babu wani wuri a faɗin ƙasar nan da ya kai shi bisa. Yana da wani sunan kuma, Gangirwal, wanda aka fi fassarawa da "tsaunin mutuwa".

A 'yan shekarun nan hotunan matasa riƙe da tutar Najeriya a ƙolinsa sun fara yawo a Instagram da Facebook, har wasu na ganin abin kamar fita shan iska ne na ƙarshen mako. Hoton ba ya nuna kwanakin da aka yi ana tafiya a ƙasa kafin a kai wurin, ba ya kuma nuna nisan da ke tsakanin mai tutar da asibiti mafi kusa. A wannan nisan ne haɗarin tafiyar yake.

Tsaunin yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 bayan ta haɗe gandayen Gashaka da Gumti. Shi ne mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya taɓa Taraba ya taɓa Adamawa. Hedikwatarsa na garin Serti, wanda ake isa daga Jalingo ta hanyar Bali. Masu hawa kan bi ɗaya daga hanyoyi biyu: ko dai su hau tudun Mambila su ɓullo wa tsaunin ta can, wadda ita ce gajeruwa, ko su taso daga ƙasa ta ɓangaren ƙauyen Gashaka su keta kurmi da koguna, tafiyar da kan ci mako guda ko fiye zuwa da dawowa. Ko wacce aka bi, sai an kwana a daji.

Daga Serti ake fara tsira

Doka ba ta yarda mutum ya kutsa gandun daji na ƙasa ba tare da izini ba, kuma a nan bin dokar riba ce ga matafiyin kansa. Jami'an gandun ne suka san kwarin da ake zaman lafiya da wanda ya kamata a kauce wa a wannan makon. Yankin ya sha fama da mafarauta, da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, da masu saran itacen madobiya, har an taɓa rasa rayukan jami'ai a hannun irin waɗannan mutane. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ke aiki tare da hukumar gandayen daji ta ƙasa wajen horar da masu gadi da ƙarfafa sintiri. Duk da haka, labarin tsaro na bara ba ya amfani bana. Sai an tambaya kafin a tashi.

Ɗan jagora da 'yan dako ba kayan alatu ba ne. A saman tudu hanyoyin shanu sun yi ta giftawa juna, duk kama ɗaya, kuma idan hazo ya sauko mutum ba ya ganin abin da ke taku ashirin a gabansa. Taswirar waya ba ta san wace ce hanya wace ce turbar shanu ba. Ga shi sabis yana ɗaukewa tun kafin a yi nisa.

Saboda haka kafin a bar gari, a bar wa wani amintacce da kuma ofishin gandun bayanin hanyar da za a bi, da sunayen 'yan tafiya, da ranar da ake sa ran dawowa. A kuma yi yarjejeniya ƙarara: in rana kaza ta wuce ba a ji ɗuriyarmu ba, a tashi nema. Tawaga kada ta gaza mutum huɗu, domin in ɗaya ya ji rauni wani ya zauna da shi, biyu su tafi neman agaji.

Lokaci ma yana cikin shiri. Daga Disamba zuwa Maris aka fi yin tafiyar. Da damina ta kankama hanyoyin mota kan lalace, koguna su cika.

Sanyi, ba namun dawa ba

Wanda ya ji ana maganar ɓauna da dorinar ruwa da birin cimfanzi a gandun zai zaci su ne abin tsoro. Mafi yawansu kafin ka gan su sun gan ka, sun yi gaba. Abin da ya fi kayar da baƙo shi ne sanyi, musamman baƙon da ya taso daga zafin Kano ko Sakkwato yana ganin rigar sanyi guda ta isa.

Lissafin mai sauƙi ne. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi a ma'aunin Selshiyos. Tsakanin ƙasan gandun da ƙolin tsaunin akwai kusan mita 2,000, ke nan bambancin zai kai digiri 12 ko 13, tun ba a sa iska da raɓa a lissafi ba. Mutum ya wuni yana hawa, gumi ya jiƙa masa riga, rana ta faɗi, iska ta taso a filin da babu bishiyar fakewa. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari.

Alamomin suna zuwa a hankali: karkarwa, sai harshe ya fara sarƙewa, sai tuntuɓe, sai mutum ya riƙa shirme ko ya ce a bar shi ya ɗan kwanta. Mugun abin shi ne wanda abin ya kama ba ya gane ya kama shi. Abokan tafiya ne za su lura. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa masa busassu, a shimfiɗa wani abu tsakaninsa da ƙasa, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai sukari in yana iya haɗiya. Shi ya sa ake ƙulle kayan kwana a leda tun daga gida, kuma ba a taɓa su da rana komai sanyi. Rigar auduga tana riƙe ruwa, ba ta bushewa da wuri.

Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa a manyan tsaunuka irin Kilimanjaro ya fi tasowa daga mita 2,500 zuwa sama, don haka ba shi ne babbar matsala a nan ba. Haki dai za a yi shi.

Ruwa: na sha da na tsallakewa

Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Gashaka garau yake, yana kuma cikin ruwan da ke ciyar da Kogin Binuwai. Amma akwai rugagen Fulani a saman tuddan, shanu na sha suna kashi a bakin rafi. Ruwa mai haske ba lallai ne mai tsabta ba. A tafasa shi na minti ɗaya, in an haura mita 2,000 a kai minti uku. Gudawa a gida ƙaramin abu ce, a wurin da sai an yi tafiyar kwana biyu a ƙasa kafin a ga mota kuwa tana iya kwantar da ƙato. A riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa.

Tsallake kogi kuma yana da ƙa'ida. Ruwan da ke gudu da ƙarfi, in ya wuce gwiwa, ba abin wasa ba ne. A kwance maɗaurin jaka na ƙugu domin a iya yar da ita in an faɗi, a dogara sanda, a bar takalmi a ƙafa. Kada a kafa tanti a gadon rafi ko da ya bushe, domin ruwan sama da aka yi a can bisa tsauni kan iso ƙasa ba sallama. A wuraren da ruwa ya yi zurfi ya kwanta, a tambayi ɗan jagora kafin a yi wanka, akwai kada da dorina a kogunan gandun.

Ƙafa ce motar

Sabon takalmi shi ne abokin gaba na farko. A saba da shi makonni kafin tafiya. Da an ji wuri ya fara zafi a diddige, a tsaya a manna filasta tun bai zama bororo ba. Dogon wando da riga mai dogon hannu suna rage cizon tsando da sauro. Guzuri kuwa na gida ya wadatar: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, gyaɗa, duk marasa nauyi ne kuma ba sa lalacewa.

Maciji na nan, kuma a kansa ne mutane suka fi yin kuskure. A kakkaɓe takalmi da safe, kada a fita da dare babu tocila, kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In ƙaddara ta faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya, domin ɗaurin kan kashe gaɓar. A cire zobe da agogo, a ɗora wa gaɓar karan-ɗori ta daina motsi, a ɗauki mutumin a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Sanannen asibitin masu saran maciji yana Kaltungo ne a Jihar Gombe, tafiya mai nisa daga nan, don haka tun a Serti ya kamata a tambayi wuri mafi kusa da ake samun allurar.

Da rani makiyaya kan ƙona ciyawa domin sabuwa ta tsiro, kuma wuta ta fi gudu in tana hawa tudu. Wanda ya hango hayaƙi a ƙasansa kada ya ce zai tsere mata ta sama. Ya ratse gefe, ko ya nemi inda ta riga ta cinye.

Ranar hawa ƙoli a tashi da asuba, a kuma tsayar da sa'ar juyowa tun kafin a fita, a cika ta ko an kai ko ba a kai ba. Wannan shi ne mafi wuya ga wanda ya kashe kuɗi ya baro Legas ko Abuja, ga ƙolin yana gani. Amma in hadari ya haɗu ana tsawa, tsirin tsauni mara bishiya shi ne wuri mafi muni da mutum zai tsaya. In ɗan jagora ya ce a sauka, a sauka. Saukowar ma a yi ta a tsanake, domin a nan gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, targaɗe kan samu.

Bayan an dawo, a koma ofishin gandun a shaida musu an fito lafiya, kada a bar su suna lissafin kwanaki. Zazzaɓin cizon sauro kuma kan ɗauki mako guda ko fiye kafin ya bayyana, don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi bayan ya koma gida ya je a gwada jininsa, ya kuma faɗa wa likita dajin da ya kwana.